Wai da gaske guguwar da ta nutsar da motata daga Arewa ta taso?

Mai Albasa, Mile 12:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ni ba gwanin rubutu ba ne, kullum karantawa nake yi in wuce, amma yau akwai abin da ya tsaya mini a rai, kuma na san nan ba a rasa masana.

Albasa nake sayarwa a Mile 12, shekara 19 ke nan, daga Aliero ake yi mini lodi. A watan Fabrairun 2018 na sayi Sienna tokumbo, ruwan toka, ƙirar 2008. Wani dillali ne ya haɗa ni da mai ita. Ba zan kama suna ba, magana ta wuce. Mota fes kamar a lashe, kujeru ba ko tabo, sai dai turaren da aka fesa mata ya yi yawa har yana hawa kai. Kuɗinta kuma ya gaza na kasuwa da wajen naira dubu 400. Da na tambayi dalili aka ce mai ita kwantenarsa ce ta maƙale a Tinkan, kuɗin fito da ita yake nema ido rufe. Na ce to, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Wata biyu lafiya lau. Ruwan farko na sauka sai mota ta fara nuna hali. Gilashin baya ya riƙa sauka da kansa. In shiga masallaci sallar Isha, in fito in tarar fitilun ciki a kunne. Wata rana a gosulon Ojota ƙofar gefe ta zuge da kanta, ga yara a ciki. Uwargida ta ce ita kam ba ta ƙara shiga, motar nan akwai mutanen ɓoye a ciki. Har ruwan addu'a aka yayyafa mata, ban ɓoye muku ba.

Da na kai wa bakanike, bai ko buɗe inji ba. Kujerar tsakiya ya kwance, ya ɗaga kafet, ya ɗaga soson da ke ƙarƙashi, sai ga busasshiyar laka, lis kamar garin kuka. Ya ja bel ɗin direba har ƙarshe, ya nuna mini wani layi mai ruwan ƙasa da ya ratsa shi. Ya ce, "Alhaji, wannan ai ta sha ruwa har wuya. Motar Harvey ce." Ni kuwa a zatona Harvey sunan Baturen da ya fara hawanta ne. Sai da yaran gareji suka gama dariya aka ce mini guguwa ce da aka yi a Amurka a 2017.

Na haƙura, na yi ta gyara, har yanzu tana nan. Abin da ya tayar da maganar, makon jiya ɗan ƙanena da ke jami'a ya zo hutu, muna hira a kan motar, sai ya ce, "Baba, ai guguwar nan ta kan gonarku ta bi kafin ta je can." Wai hadarin nan da ke haɗowa daga gabas a watan Agusta, ya zubar mana da ruwa ya wuce yamma, shi ne in ya faɗa teku yake rikiɗa ya zama waccan masifa. Ni ɗan manomi ne, na san ruwan kirki a wurinmu daga gabas yake zuwa, tun muna yara in gabas ta yi baƙi ake cewa a kwashe shanya. Amma a ce shi ne zai ƙetare teku ya nutsar da mota a jihar Teksas ta Amurka, motar kuma ta biyo jirgi ta zo ta same ni a Ketu? Na ce yaro, boko bai ce ka raina wa manya hankali ba. Ya rantse.

To ga tambayoyina. Gaskiya ya faɗa? In gaskiya ne, mu da muke zaune a bakin wannan tekun dai, me ya sa ba ta taɓa faɗo wa Legas ba? Sannan ina shirin sake mota bana, ina so masu sana'a su faɗa mini yadda zan kauce wa maimaita karatu.

Bakanike, Agege:

Wa alaikumus salam Alhaji. Maganar daga ina iska ta taso na bar wa malamai, ni ɓangaren spana na sani.

Ba kai kaɗai ba ne. Daga ƙarshen 2017 zuwa tsakiyar 2018 irin motarka sun shigo hannuna ba adadi. Harvey ta nutsar da motoci dubban ɗaruruwa a birnin Hustin na jihar Teksas da kewaye. Can kamfanin inshora ne ke biyan mai mota, ya karɓe gawar, ya kai gwanjo da takarda mai nuna ta sha ruwa. Mutanenmu su saya a araha ta intanet, a loda a jirgi. Kafin ta bar Apapa ta isa wurin sayarwa an wanke, an busar, an canza mai, an fesa turare. Takardar kuwa ba mai nuna maka in ba ka nema ba. Lissafi mai sauƙi ne, in ka ji an yi babbar guguwa can a Agusta ko Satumba, ka sa ido daga Disamba zuwa damina mai zuwa. Haka aka yi bayan Sandy a 2012, haka bayan Ian da ta daki Fulorida a 2022.

Kuma ka gode wa Allah, taka ruwan sama ta sha. Wadda ta sha ruwan teku, gishiri ke cin wayoyinta daga ciki, ka gyara nan can ya ɓalle har ka gaji ka sayar wa 'yan gwangwan. Ta ruwan sama in birenbos, wato kwamfutar mota, ya tsira ana lallaɓawa shekaru, sai dai duk sanda iska ta yi laima tsatsar da ke bakin soket ta haɗa waya da waya. Aljanun Hajiya ke nan.

In za ka sayi wata, kada ka je da rana tsaka kana sauri. Ka sa a rufe gilasai na ɗan lokaci sannan ka shiga ka shaƙa, warin gumi ba ya ɓuya, turare mai yawa kuma shi kansa shaida ne. Ja bel har ƙarshe kamar yadda aka yi maka. Leƙa ƙarƙashin kujera da tocila ka ga ƙarfen da take zamewa a kai da kan notuna, motar da ba ta shiga ruwa ba babu abin da zai sa su yi tsatsa. Ɗaga sifeya ka shafa ramin. Cire robar bakin ƙofa, masu wanki ba sa kai hannu nan. Mafi sauƙi duka, lambar shasi, haruffa da lambobi 17 da ke gindin gilashin gaba ta gefen direba. Ba wa ɗan naka ya buga a intanet, sau da yawa har hotunan ranar gwanjo za su fito. Dillalin da ya hana ka ɗaukar lambar, ka yi masa sallama.

Tsohon Malamin Jogirafi, Idi-Araba:

Alhaji, ka nemi yaron nan ka ba shi haƙuri, ka ƙara masa da kuɗin mota. Abin da ya faɗa haka yake, sai ɗan gyara kaɗan.

Da damina Sahara tana tafasa, iskar da ke kan tekunmu na Gini kuma tana da sanyi da laima. Wannan bambancin ne ke haifar da wata iska mai ƙarfi can sama, wajen kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, tana gudu daga gabas zuwa yamma a saman yankinmu. Ba ta tafiya a miƙe, lanƙwasa take yi kamar maciji, kuma kowace lanƙwasa tana tattara hadari. Daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur suke farowa, su ratsa Chadi, Nijar da Arewacin Nijeriya, su bi Mali, su fita teku ta Sanigal ko Gini. Duk kwana 3 zuwa 5 sai ɗaya ta wuce. Ka tuna yadda ake yi a gida cikin Agusta, a yi ruwa yau, a huta kwana uku, gabas ta sake haɗowa? To sawunsu ke nan. A shekara akan sami wajen 60. Yawancinsu a teku suke mutuwa ba wanda ya ji labarinsu. Kaɗan ne ke tarar da ruwan teku mai ɗumin da ya kai digiri 26 da rabi, ga laima, ga iskar sama ba ta yayyaga su ba, sai su fara juyawa. Masana sun ƙiyasta cewa cikin manyan guguwowin Atilantika, wajen kashi 85 cikin 100 daga irin wannan suke.

2017 kuwa shekara ce da ba a mantawa. Guguwa 17 aka raɗa wa suna, 10 suka kai matsayin mahaukaciya, wato iska mai gudun kilomita 119 a awa ko fiye, 6 daga ciki suka zama manya. Taka, Harvey, ta bar gaɓar Afirka wajen 12 ga Agusta, aka sa mata suna ranar 17, ta shiga tekun Karebiyan ta watse har aka ɗauka ta mutu. Ɓurɓushinta ya haye yankin Yukatan na ƙasar Meziko ya faɗa tekun Meziko mai ɗumi, ta farfaɗo, ta daki Teksas daren 25 ga Agusta, mako guda kafin Babbar Sallar shekarar. Iskarta ta yi ɓarna, amma abin da ya kashe Hustin tsayawar da ta yi. Ta rasa iskar da za ta tura ta gaba, ta yi kwana huɗu tana ɗibar ruwa daga teku tana juyewa a wuri guda. A wani gari da ake kira Nederland an auna milimita 1,539. Sakkwato sai ta haɗa damina biyu ba ta kai wannan ba. An ƙiyasta asarar dala biliyan 125, Siennarka na ciki.

Ruwan bai janye ba Irma ta taso, ranar 30 ga Agusta, yamma da tsibiran Kef Bade. Ita ce ta fi nuna asalin gidan, domin tun daga bakin Afirka aka bi ta da tauraron ɗan'adam har ta kai iska mai gudun kilomita 285 a awa. Ranar 6 ga Satumba ta bi ta kan tsibirin Babuda, aka kwashe mutanensa kaf, ta wuce Kuba, ta shiga Fulorida ranar 10. Sai Maria, ita ma 'yar Afirka, ta rushe Dominika ranar 18, ta faɗa wa tsibirin Fotoriko ranar 20. Daga baya gwamnatin tsibirin ta amince da adadin mutum 2,975 da suka rasu sanadiyyarta, wasu unguwanni kuma sun yi kusan wata 11 ba wuta. Mu da muka saba da rashin wuta ma mun jinjina. Sunayen nan uku da na Nate, wata guguwar ta shekarar, an cire su daga jerin da ake maimaitawa duk shekara shida, ba za a sake raɗa wa wata ba.

Gyaran da na ce, na farko ba kowace ce tamu ba. Ophelia, wadda ragowarta ta daki Ailan a watan Oktoban shekarar, can tsakiyar teku ta samo asali. Na biyu, ba ruwan da ya zuba a Aliero ne ya zuba a Hustin ba. Abin da ke tafiya juyin iskar ne, kamar ɗan tsako da aka ƙyanƙyashe a gidanka ya je ya girma da hatsin wani. Ko ta bi daidai kan gonarku, wannan sai dai ka bar wa yaro ya ci nasa musun, amma layin nan ne hanyarsu.

Me ya sa ba ta zuwa Legas? Domin kafin ta zama guguwa ta riga ta ba mu baya. Tana buƙatar buɗaɗɗen teku, kuma sai ta wuce Dakar take samunsa, iskar da ke ɗauke da ita kuwa yamma ta nufa, ba ta dawowa. Ga shi muna digiri 6 da rabi kacal daga layin da ya raba duniya biyu, inda juyawar ƙasa ba ta da ƙarfin murɗa iska sosai. Ƙari kuma, daidai lokacin da abin ke kan ganiyarsa, Yuli zuwa Satumba, ruwan tekunmu sanyi yake yi. Mahaukaciya mafi kusa da aka gani a 'yan shekarun nan ita ce Fred, da ta ratsa Kef Bade a 2015, kuma rabon tsibiran da irinta tun 1892.

Wani abu da zai ba ka mamaki a matsayinka na manomi. Wani masani Ba'amurke, William Gray, ya nuna a 1990 cewa shekarun da Sahel ta yamma ke samun damina mai kyau su ne manyan guguwowi suka fi dukan gaɓar Amurka, shekarun fari kuma su ragu. A 1983, muna tsakiyar fari, guguwa 4 kawai aka raɗa wa suna, ko da yake ɗumamar tekun Fasifik ma ta taimaka wajen rage su. Ƙurar Sahara ma in ta bi su teku shaƙe su take yi. Wato sau da yawa shekarar da gero ya yi kyau a wurinmu, can suna kwana da ido ɗaya.

Ɗan Acaɓa Mai Ritaya:

Malam, a yi a hankali da wannan bayani kada Amurkawa su ji su ce mu biya diyya. Alhaji kuwa kayanka ne ya dawo maka, ka aika iska an aiko maka da mota.

Hajiya Mai Atamfa, Ajah:

Allah ya ƙara sani Malam. Amma ni in aka ce guguwa ba ta zuwa Legas sai in ji kamar ana yi mana ta'aziyya da abin da bai shafe mu ba. Hadarin ƙasa maganin mai kabido. Ranar Asabar 8 ga Yulin wannan 2017 ɗin, tun kafin a haifi Harvey, na sauko daga gado ƙafata ta faɗa cikin ruwa. Ba iska, ba rugugi, ruwa ne kawai ya yi ta zuba kwana da kwanaki, magudanai cike da leda da robar ruwa, fadamar da ruwan ya saba kwanciya kuma an cike ta da yashi an yi gidaje. Dila biyu na atamfa da ke ƙasan shago, ja ya shiga fari, kore ya shiga ruwan ɗorawa. Ranar ce aka yi ta yaɗa hoton Baturen nan yana tuƙa kwalekwale a titin Ahmadu Bello. Wanda ya daɗe a garin nan kuma ya tuna 10 ga Yulin 2011, ya tuna yadda teku ke haurowa Bar Beach ta shafe titi kafin a jibge duwatsun nan, da daren da ta kwashe mutane a Kuramo a Agustan 2012.

Abin da ya sa na sa baki, Alhaji, ka tabbata motarka a Amurka ta yi wanka? Corollar maigidana a ƙofar gida ta nutse har sitiyari a wannan ranar. Ya sayar da ita a matsayin wadda ta sha ruwa, ya faɗa wa mai saye gaskiya, ya yi asara. Bayan wata biyu ƙanena ya gan ta a wani wurin sayar da motoci, an cire lamba, an manna mata takardu a gilashi kamar yanzu ta sauka daga jirgi. Ya gane ta ne da ƙunar sigari da ke kujerar baya. Tun daga nan in bakanike ya ce motar Harvey, sai in ce a bincika, wata Harvey ɗin a Lekki aka yi ta.

Mai Albasa, Mile 12:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Allah gafarta Malam, na karanta bayaninka sau uku, na uku da ƙarfi a rumfa, har masu dako suka tsaya. Wani dattijo ɗan Illela da ke kusa da ni ya ce shi bai yi mamaki ba, tun yana yaro yake tambayar ina hadari ke zuwa in ya wuce su, ana ce masa Gwanja. Yaro kuma na kira shi na ba shi haƙuri. Kuɗin mota dai a bar maganar.

Hajiya, maganarki ta hana ni barci, domin in ta tabbata a Lekki ta nutse to an cuce ni sau biyu. Da asuba na fita da tocila na kwafo lambar shasin a bayan rasit, na tura wa yaron. Kafin azahar ya turo hotuna takwas. Teksas ce, watan Oktoban 2017. Ga ta nan tsaye a wani fili, motoci jere bayanta iya ganinka, an rubuta lamba da farin alli a gilashin gaba. Na gane ta da lotsawar bamba ta baya, gefen hagu, wadda dillali ya ce a jirgi aka yi. A hoto ɗaya an buɗe ƙofa, laka ta kwanta a kan kujeru, ga kujerar jariri ɗaure a tsakiya ba a ko cire ba. Wannan hoton na daɗe ina kallo. A daidai wurin autata ke zama in za mu Agege.

Na nuna wa uwargida. Ta ce to ai gara aljanu, su ana yi musu magani.

Bakanike, ranar Asabar in Allah ya kai mu akwai wata Highlander da zan je gani, ina so mu je tare, ka taho da tocilarka. Siennar ba zan sayar wa kowa ba, na cire kujerun baya, buhu shida take ɗauka zuwa Ketu. Gilashin nan har yau in hadari ya haɗo sai ya sauka, na sa masa katako na tokare.

Bakanike, Agege:

Ba damuwa Alhaji, ƙarfe tara ina gareji. Ka turo lambar shasin tun daren Juma'a, wataƙila ma ba sai mun ƙona mai ba. Katakon kuma ka cire, ka kawo ta in yanke wayar gilashin gaba ɗaya. A taho mini da albasa ta miya, fara in akwai.